Himmar Matashi a Hannun Almasihu

Lacca da aka gabatar a taron zumuntar matasa na gunduma

  

An ce in yi magana a kan yadda mutum zai ɗauki abin da ransa ke so, da ƙarfin jikinsa, da kuzarin ƙuruciyarsa, ya mai da su ga bangaskiya mai aiki da hidimar Allah. Maganata ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu don kowa ya riƙe: da Yesu ya kira ka, himmarka ma ya kira, yana so ya zama ubangidanta, ya kuma ba ta aikin yi. Zan bi wannan magana ta kan abubuwa shida.

1. Babu matashin da ba shi da himma

Mu manya mun saba cewa yaran yanzu jikinsu ya mutu, ba sa son wahala, ba sa riƙe abu a ka. Ni dai ban yarda ba. Ku zo mu leƙa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar da yamma. Rumfar kwano ce, ga zafi, ga ƙarar janareta, benci ya cika maƙil, kowa kuma da kuɗinsa ya shiga. Yaron da aka yi ta fama da shi ya tashi zuwa sujadar safe, shi ne ya iso tun ba a buɗe ƙofa ba don ya samu wurin gaba. Ya san sunan kowane ɗan wasa, ya san nawa aka saye shi, ya san wanda ya ji rauni da ranar da zai dawo. Da an jefa ƙwallo a raga sai ka ga ya rungume mutumin da bai taɓa gani ba. To, wannan ne rago? Wannan ne ba ya iya haddace komai?

Ku dubi yarinyar da ke kan keken ɗinki har tsakar dare a makon Kirsimeti, ko saurayin da ya koyi gyaran waya ba tare da ya shiga aji ba, ko wanda ke tashi da duku-duku ya kai shanun noma gona. Ƙarfi yana nan, ƙwaƙwalwa tana nan, naci yana nan. Allah ne ya zuba su, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ƙwallo ko sana'a ko waƙa.

Tambayar ita ce: wa ke cin moriyar wannan ƙarfi? Domin akwai masu nemansa ruwa a jallo. Masu cacar ƙwallo sun biyo ka har cikin wayarka. Mai sayar da ƙwaya ya san lungunku. Abin ya kai a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi a cikin ƙasa. Ɗan siyasa yana tuna ka idan zaɓe ya ƙarato, ya ba ka riga da ɗan na kashewa ka yi masa banga. Duk waɗannan sun san darajar kuzarinka. Iyayena dattawa, ku yi mini haƙuri in faɗi wannan: idan abin da muke da shi ga matashi kawai shi ne "zauna, yi shiru", to, mun bar wa waɗancan fili.

2. Allah yana juya himma, ya ba ta hanya

Mu ɗauki Shawulu mutumin Tarsus, wato Bulus, ɗalibin Gamaliyel. Ranar da aka jajjefe Istifanus, a gabansa aka tara riguna. Bayan nan ya shiga bi gida-gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Urushalima ba ta ishe shi ba, ya je ya karɓo wasiƙu daga babban firist, ya kama hanyar Dimashƙu, tafiyar kwanaki. Ba wanda ya tilasta masa. Kishi ne ke cinsa.

Da Yesu ya tare shi a hanya, me ya canja? Ku karanta Ayyukan Manzanni daga sura ta 9 zuwa ƙarshe ku gani. Ƙafar da ta taka zuwa Dimashƙu ita ce ta taka zuwa Filibi da Tasalonika da Koranti da Afisa. Bakin da ya iya muhawara a makarantar Farisiyawa shi ne ya tsaya a gaban masanan Atina. A Listira an jajjefe shi, aka ja shi bayan gari ana tsammanin ya mutu, ya miƙe ya koma cikin garin. Nacin nan na dā ne, bai ragu ba. Ubangida ne ya canja, aiki kuma ya canja: mai rushe ikkilisiya ya zama mai kafa ta.

Manoma a cikinmu za su gane wannan da sauri. Ruwan da ke ambaliya da damina ya kwashe shuka ya rushe gidaje, shi ne dai ruwan da aka tare a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka yi masa magudanai zuwa Kadawa da Kura. Da shi ake noman shinkafa da alkama da tumatir a tsakiyar rani. Ba a rage wa ruwan ƙarfi ba, hanya aka yi masa. Haka Ubangiji yake yi da zuciyar da aka miƙa masa.

Sai dai a nan dole in ja kunne. Kada wani ya fita daga nan da tunanin cewa da aiki ake sayen ceto. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 2, ta nuna a fili cewa ceto kyautar alheri ce ta wurin bangaskiya, sannan nan take ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Tuba ce farko, hidima ta biyo. Wanda ya fara da hidima bai ba da zuciyarsa ba, zai gaji, ko kuma ya fara neman a tafa masa.

3. Himma tana bukatar sani

Bulus ɗin nan, a Romawa sura ta 10, ya shaidi 'yan'uwansa Yahudawa cewa suna da kishin Allah, amma kishin da ba sani a cikinsa. Shi ya san ciwon, don ya yi shi. Mutum zai iya yin kuskure da iyakar gaskiyarsa, kuma yawan zafinsa shi ne yawan ɓarnarsa.

Ku tuna Afolos mutumin Iskandariya. Ga baki, ga zafi, ga sanin Littattafai, amma iyakar saninsa baftismar Yohanna. Su wa suka gyara shi? Biriskilla da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa haske. Shi kuma, duk da iya maganarsa, ya zauna ya saurara. Saurayi mai baiwa, kai za ka iya zama a gaban tsohuwar da ba ta kai ka boko ba ta gyara ka? Ke mai muryar da ke motsa majami'a, kin san ma'anar kalmomin da kike rerawa?

Muna da misali a gida. An haifi Byang Kato a Kwoi a 1936. Yaro ne mai zafin bishara, amma ya gane cewa zafi kaɗai ba zai riƙe ikkilisiya ba. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Igbaja, ya ci gaba da karatu a Landan, ya kai ga digirin dakta a Dallas ta Amurka. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, a 1973 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe sakatarcin ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska. Ya rasu a 1975 a Mombasa yana da shekara 39 kacal, amma har yau ana karanta rubuce-rubucensa a makarantun tauhidi. Ba kowa zai kai Dallas ba, amma kowa na iya zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, inda sau da yawa benci ke zama wayam alhali daren waƙa ba masaka tsinke.

4. Fushi ma himma ce, shi ma sai an miƙa shi

Wannan shi ne sashen da ya fi mini nauyi. Na san a cikinku akwai wanda aka ƙone gidansu, akwai wadda ta binne ɗan'uwa ko uba, akwai waɗanda gonarsu ta gagare su zuwa. Ba zan ce muku abin ba ciwo ba. Neman adalci a gaban hukuma haƙƙinku ne, kuma faɗin gaskiya wajibi ne. Amma akwai murya da ke raɗa wa matashi cewa ramuwa ita ce kishin addini. Wannan murya ba ta Almasihu ba ce.

A Luka sura ta 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu. Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye garin. Yesu ya juya ya tsawata musu. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 8: wa aka aika Samariya tare da Bitrus ya ɗora wa sababbin masu bi hannu ya yi musu addu'a? Yohannan nan ne. Mutanen da ya so a ƙone, su ya je ya yi wa hidima. Bitrus ma ya zare takobi a daren da aka kama Ubangiji, ya sare kunnen Malkus, aka ce ya mai da shi kube. Kuma a daren nan dai mai takobin ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baiwa. Jaruntakarsa ta gaske sai ranar Fentikos ta bayyana, ba makami a hannunsa.

A Kaduna, Fasto James Wuye ya taɓa jagorantar matasan Kirista a faɗan addini, a rikicin 1992 kuma ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun haɗu a 1995, kuma bayan doguwar gwagwarmaya da zuciya suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista, suka yi ta shiga garuruwan da aka zubar da jini suna sulhu. Zafin da ya kai Wuye fagen faɗa shi ne ya kai shi teburin sulhu. Wanne ya fi wuya a cikin biyun? Wanne ya fi kama da gicciye?

5. Fara da abin da ke hannunka

Da an ce hidima, tunanin matasa da yawa yakan tafi kan bagade da makirfo. Shi ya sa kowa ke son zama mai wa'azi ko mawaƙi, sauran ayyuka kuma suna kwance. Amma a Fitowa sura ta 31, mutumin da aka ce Allah ya cika shi da Ruhunsa Bezalel ne, maƙeri kuma masassaƙi. A Yafa, da Dokas ta rasu, gwauraye sun kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Allura da zare ne wa'azinta.

Andrew Stirrett mai haɗa magani ne a Toronto ta Kanada, kasuwarsa tana tafiya. Ya bar ta ya zo ƙasar nan a 1902, ya koyi Hausa, ya yi ta ba da magani yana wa'azi har Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. A Jos ya rasu a 1948. Asibitin Vom da aka fara a 1922, da asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953, duk sana'ar hannu ce da aka miƙa wa Allah. Daga makarantar makafin nan Bitrus Gani Ikilama ya fito, ya zama ƙwararren mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa ƙungiyar tallafa wa makafi a Zariya. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, daga baya ya koma Samaru yana duba marasa lafiya yana hidimar ikkilisiya.

Kada ka ce ai waɗannan manya ne. Ka je babban asibitin garinku da yamma, ka shiga ɗakin maza ko na mata, ka duba da kyau. Kusan kowane gado akwai tabarma a gefensa, da filas, da kwanon abinci, da mai jinya yana fifita. Amma za ka tarar da wani gado can a ƙurya da ba tabarma, ba kwano. Takardar maganin da likita ya rubuta tun safe tana ƙarƙashin filo a ninke, ba wanda zai kai ta kantin magani. Idan maƙwabcin gado ya buɗe abinci, shi sai ya juya fuskarsa bango. Me wannan mutum yake bukata? Kunu mai ɗumi, wanda zai wanke masa riga, wanda zai zauna ya tambaye shi sunansa da garinsu, ya yi masa addu'a idan ya yarda. Wane digiri ake nema kafin a yi wannan? Matiyu sura ta 25 ta gaya mana cewa Yesu yana lissafa irin wannan ziyara a matsayin shi aka yi wa.

Kai mai son ƙwallo, tara yaran unguwa ka zama kocinsu, ka san iyayensu, ka bi sawun karatunsu. Ke tela, ɗauki marainiya ɗaya ki koya mata. Kai gwanin lissafi, ga 'yan aji shida suna fargabar jarrabawa. Kai mai babur, akwai tsohon da ya daina zuwa sujada don ƙafa ta gaza.

6. Himmar da ake nema ita ce mai daɗewa

Mun san yadda ake dawowa daga taron falkaswa: murya a dishe, zuciya cike da alkawari. Bayan mako uku fa? Bulus ya ambaci Dimas cikin abokan aikinsa, daga baya ya rubuta wa Timoti cewa Dimas ya yashe shi saboda son duniya. Farawa da zafi ba wuya.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa da bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, wanda shekararsa 20 a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa bai fito cikakke ba sai 1932, bayan Likita Miller da abokan aikinsa da malaman Hausa sun shafe shekaru kusan 30 suna fama da shi. A 1948 kuma iyayenmu na nan gida suka fara tura nasu masu bishara, aikin da ya zama EMS. Manoma ne suka riƙe shi da damin dawa da ɗan baikonsu.

Me ke sa himma ta daɗe? Na farko, zama da Ubangiji a ɓoye, cikin addu'a da Kalmarsa, kafin a fita aiki. Abin da Yesu ya nuna wa Marta ke nan. Na biyu, abokan tafiya. Yetro ya gaya wa Musa zai kashe kansa idan bai raba aiki ba, Yesu kuma biyu-biyu ya aiki almajiransa. Na uku, hutu. Iliya ya yi nasara a Dutsen Karmel, sai ga shi kwance a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da faɗa ba: ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, sannan ya mai da shi bakin aiki. Idan ka gaji, ka faɗa wa fastonka ko wani dattijo. Gajiya ba zunubi ba ce.

Kammalawa

Ina da roƙo uku. Na farko, kafin ka kwanta yau, ka rubuta abin da ya fi cin lokacinka da kuɗinka da hirarka, ka kai shi gaban Allah ka ce masa nasa ne. Idan abin zunubi ne ka tuba ka bar shi, idan baiwa ce ka tambaye shi inda za ka kai ta. Na biyu, ka zaɓi aiki ɗaya tak wanda zai amfani wani mutum da ka san sunansa, ka riƙe shi har shekara ta zagayo. Na uku, ka samu wanda ya girme ka cikin bangaskiya ka gaya masa, ka ba shi izinin tambayarka.

Ku kuma iyayenmu fastoci da dattawa, idan yaran nan suka zo, ku ba su aiki na gaske, ku tsaya kusa da su, ku yi haƙuri da kurakuransu. Markus ya gudu daga tafiyar bishara ta farko, Barnaba ya sake ɗaukarsa, a ƙarshe Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi don yana da amfani a hidima.

 Ubangiji ya karɓi ƙarfinmu, ya tsarkake shi, ya yi aiki da shi. Yanzu fili naku ne. Wanda ke da tambaya, ko ƙarin bayani, ko gyara, ya ɗaga hannu ya faɗi sunansa da ikkilisiyarsa, wanda kuma ya fi son rubutawa ya miƙa wa masu hidima takarda. Ina sauraro.